Kafin ka sayi dashen itace a daminar bana

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, masu rainon itatuwa a bakin titunan Kano da Katsina da Maraɗi sukan jera dashe cikin baƙaƙen ledoji, manoma da makarantu da ƙungiyoyin matasa masu yaƙi da kwararowar hamada kuma su yi ta saye. Abin da ke damuna shi ne yawancin dashen nan ba ya ganin damina ta biyu, kuma asarar takan fara ne tun daga wurin zaɓe, domin mai saye yakan ɗauki wanda ya fi tsawo da kore ba tare da ya tambayi kansa wa zai ba shi ruwa a watan Maris ba.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ita ce ta fi sauƙin samu da araha. Asalinta daga yankin Indiya ne, amma ta karɓi ƙasarmu sosai, tana jure fari, kuma ganyenta ba ya ƙarewa da rani. Da ita aka yi jerin itatuwan tare iska a kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar, aikin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a 1975. Ga harabar makaranta ko masallaci ko bakin hanya, da wuya a samu abin da ya fi ta. A tsakiyar gona kuwa ban ba da shawararta ba, saboda inuwarta da saiwarta suna danne geron da ke kusa, kuma a gida a nisanta ta da katanga. Itacen turare ya fi ta saurin girma, yana ba da sanduna miƙaƙƙu na rufi, amma yana shan ruwa ƙwarai, abu kaɗan ke tsirowa a ƙarƙashinsa, gara kuma tana cin dashensa tun yana ƙarami.

Manomin da zai dasa a cikin gona, gawo ya kamata ya fara nema. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, don haka rana tana isa ga gero da dawa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki, sannan ya tofo sabo da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da tumaki. Duk wanda ya taɓa lura ya san geron ƙarƙashin gawo ya fi na fili kauri. Aibinsa shi ne jinkiri a shekarun farko, domin yana fara tura doguwar saiwa ƙasa kafin ya tashi sama. Saboda haka gawon da ya daɗe a leda ba abin saye ba ne, ko da ya yi kyau a ido, tunda saiwarsa ta riga ta nannaɗe. Ƙaramin dashe na 'yan watanni ya fi shi alheri nesa ba kusa ba.

Mai jigawa a Yobe ko Borno ko Jigawa, inda ruwa ke ƙaranci, ya duba dakwara, wadda ake samun ƙaro a jikinta bayan shekara 4 zuwa 5, kuma kasuwarsa ta kai har ƙasashen waje, inda Sudan da Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi. Zogale da mangwaro na gida ne ko lambu mai rijiya. Zogale yana ba da ganye cikin 'yan watanni. Mangwaro mai aure ya fi tsada, amma yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, sai dai a duba mahaɗin auren a tabbata ya warke, kuma kada a kai shi inda ba a da tabbacin ban ruwa.

Kowane iri ka zaɓa, ɗaga ledar ka dubi ƙasanta. Idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, an raunata dashen. Nemi kara mai kauri maimakon dogo siriri, ka juya ganye ka duba ko akwai ƙwari, ka kuma tambayi mai rainon ko dashen ya saba da rana ko a inuwa ya tashi. Sannan ka yi lissafin kariya tun kafin ka biya, domin kewayen ƙaya ko kwando ko tubali yakan fi dashen kansa tsada, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin damina guda bayan an saki dabbobi da kaka. Dashe 20 da za ka iya tsarewa sun fi 200 da za a ɗauki hoto da su a watse.

Akwai kuma zaɓin da ba ya buƙatar sayen komai, wato sassaben zamani. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, da manoman da ya yi aiki da su suka koma ga kututturan da ke tofowa a gona kowace shekara, maimakon a sassabe su duka sai a bar rassa mafiya ƙarfi, a rage sauran, a tsare su. Saiwar kututturen ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, don haka ba ya neman ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Mai gona ya fara zaga gonarsa ya ƙirga tohon gawo da kalgo da sabara da magarya da aduwa da ke cikinta, sannan ya sayi dashe don cike guraben da babu kututture.