Zanen Tsohuwar Motar Baba: Fensir, Biro ko Fenti?

A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai dattawan da suka ƙare ƙuruciyarsu a gidan gaban babbar mota, tun suna karen mota masu sa weji har suka kama sitiyari. Motocin sun daɗe da shiga hannun 'yan gwangwan, hoto kuwa ba kowa ya ɗauka ba a zamanin. Shi ya sa 'ya'ya da jikoki ke neman mai zane ya dawo musu da motar a kan takarda ko katako, a rataya a zaure. Inda ake asarar kuɗi shi ne a kawo zane mai sheƙi, tsoho ya ƙura masa ido ya ce, "Ai wannan ba motata ba ce."

Don haka kafin a je wurin mai zane, a fara zama da mai motar. A riƙe takarda da biro, a tambaye shi dalla-dalla: "Baba, ku tuna mana, mai hanci ce ko marar hanci? Sitiyarin yana wane hannu? Me aka rubuta a goshinta?" Waɗannan tambayoyi ba na wasa ba ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Motar da aka shigo da ita kafin nan sitiyarinta a dama yake, kuma da yawa sun ci gaba da aiki a haka bayan canjin. Mai zane ɗan shekara talatin zai sa sitiyari a hagu ba tare da ya yi tunani ba, domin shi ya taso yana gani. Haka lambar mota. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, saboda haka motar mutumin Gumel ko Haɗejia ta shekarun 1980 lambar Kano take ɗauke da ita, mai farawa da KN.

Sai irin motar. Mercedes 911 ita aka fi nema. Hancinta gajere ne mai zagaye, fuskarta kamar ƙwai a kwance, tauraro a tsakiya, fitilu biyu a cikin wannan zagayen, ɗaya a kowane gefe. Sunan ma yana da ma'ana: 9 na nufin nauyin tan tara har da kaya, 11 kuma ƙarfin doki 110. Yayarta a ƙarfi ita ce 1113, kuma sun yi kama ƙwarai. Bedford ta Ingila kala biyu ce da ake yawan ruɗawa: TJ da ta fito a 1958 mai hanci ce, TK da ta biyo bayanta ba ta da hanci, fuskarta a shafe take. Akwai Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat da aka harhaɗa a nan Kano. In mai zane ya ce duk gingimari ɗaya ce, a nemi wani.

Bodin katako kuwa kafintoci ne suka yi shi, kowace mota da nata. A nan ne zane ke zama na mutum ɗaya: launin katakon, tsanin hawa, inda ake ɗaure tamfol, butar da ke lilo a gefe, da rubutun goshi, "Haƙuri Maganin Duniya" ne ko "Daga Allah Ne". A rubuta wa mai zane kalmomin da hannu, harafi bayan harafi. Bayan motar ma ya dace da zamaninta. Dalar gyaɗa ta fara watsewa a shekarun 1970, don haka ba ta dace da bayan Mercedes da aka harhaɗa a Inugu daga 1980 ba. Ita wannan a sa mata lodin shanu a Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko buhunan gero a hanyar Dawanau. Gidaje da yawa ba sa son surar mai rai a bango. In haka ne a faɗa tun farko, a yi mota da buhuna da bishiyar kuka kawai, ba direba ba saniya.

Yanzu kayan aikin.

Fensir shi ne sarkin fito da ƙananan abubuwa: notin taya, sifirin, layin katako, inuwar ƙarƙashin bamba. Ƙwararre yana fitar da siffa da fensir mai lamba HB, ya yi inuwa da 2B ko 4B da suka fi shi laushi da baƙi, ya baƙanta taya da 6B. Rana ba ta kashe baƙin fensir, takardar ce ke yin ja in mai araha ce. A nemi mai kauri, wadda nauyinta ya kai giram 200 a ma'aunin masu sayar da takarda. Kwalin da ɗalibai ke saya na aikin makaranta ba ya jure shekaru. Aibin fensir biyu ne: yatsa ɗaya ya goga ya ɓata shi, sannan ba launi. Tsohon da abin da ya fi tunawa shi ne koren bodi da jan goshi, fensir ba zai gamsar da shi ba, komai kyansa.

Biro yana da kyau a ranar farko, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Tawadar biro rini ce, haske yana cinye ta. Shuɗi ya kan dushe, baƙi ya koma ruwan ƙasa ko shunayya. In ana son zanen layi, a nemi na baƙar tawadar zane wadda ruwa ba ya narkarwa bayan ta bushe. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ba ta wannan aiki ba ce, don a wanke ta aka yi ta, ɗigon ruwa ɗaya daga rufi ya isa.

Kalar ruwa tana ba da launi mai taushi, ƙurar hanyar burji tana fita da kyau a cikinta. Sai dai tana son takarda mai giram 300, in ba haka ba ta yi tudu da kwari, kuma ba ta son rana ko kaɗan. Ta ɗaki mai sili da labule ce.

Fentin mai a kan filawud shi ne aikin masu zanen bodin mota da masu rubuta allunan shaguna, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa da zaure ko shago a ƙauye. Ba ya buƙatar gilashi, ƙurar hunturu ta hau a goge da tsumma mai laima. Ban da haka, hannun da ya saba rubutun goshin mota shi ya fi sanin yadda haruffan suke lanƙwasa. Amma a nan ne aka fi yin algus, don haka a sa ido. Katakon ya kai kaurin milimita 9 ko 12, na milimita 4 yana bauɗewa da damina ɗaya. A guji allon da aka matse da garin katako, yana shan laima ya kumbura kamar burodi. A goge fuskar da sanfefa, a shafa farin fenti na ƙasa sau biyu, har da baya da gefuna huɗu, domin ta gefen da aka bari tsirara ruwa ke shiga ya ɗaga fallen katakon. Kowane shafi yana son kwana ɗaya kafin a ɗora wani. Wanda ya ce zai gama maka daga safe zuwa la'asar, fenti zai tsinka da fetur ko kananzir fiye da kima, sheƙin ya mutu, ko sama ta bushe ƙasa na ɗanye, daga baya ya yamutse. Gwajin mai sauƙi ne: danna farce a lungu. In ya bar alama, bai bushe ba. Sabon kwanon rufi kuma ba ya riƙe fentin mai da kyau, ɓarewa yake yi falle-falle. Abin da fenti ba ya iyawa shi ne ƙananan bayanai. Burushi bai kai fensir tsini ba, saboda haka a yi shi babba, kamar ƙafa biyu da ƙafa uku.

Akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, a kan kyalle shi masu karatun zane, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fi amfani da shi. Yana bushewa cikin sa'a guda, launinsa na daɗewa, amma saƙar kyallen tana riƙe ƙura. Su masu karatun zanen sun fi kowa iya daidaita tsawo da faɗi, sai dai da yawansu ba su taɓa hawa bayan 911 ba. A ba su bayanin Baba a rubuce.

Akwai kuma bugun inji da ake sayarwa da sunan zanen hannu. Karkata takardar a hasken ƙofa. Fensir na gaske yana ɗan walƙiya inda aka danna, takardar tana da ƙananan ramukan layi, wani wuri ma za ka ga alamar gogewa. Bugu sumul yake ko'ina, in ka ɗauke shi da kyamarar waya ka buɗa za ka ga ɗigo-ɗigo. Hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira ana kama su a rubutun goshi marar ma'ana, da tayoyi. 911 taya shida gare ta, biyu gaba, huɗu baya a haɗe bibbiyu. Bugu ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Dabara ce ma mai kyau a yi zane ɗaya na hannu, a buga kwafi a raba wa 'yan'uwa.

Wajen ciniki, kada ka biya duka tun farko. Ba da kafin alƙalami, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ce, "Malam, a fara fitar da siffar da fensir mu kai wa Baba ya gani." Gyara a wannan mataki ba ya cin komai. A nemi a zana motar a karkace, yadda fuska da gefen bodi za su fito tare. Zanen takarda kada ya gaza A3, wato santimita 29.7 da 42, domin a A4 lamba da rubutun goshi ba sa karantuwa ga idon tsoho. A kuma yi maganar firam a cikin kuɗin, kada a zo ɗauka a ji sabon lissafi.

Firam ɗin zanen takarda yana son kwali mai taga tsakanin gilashi da zane, faɗin gefensa kamar santimita 5. In takarda ta manne da gilashi, laimar Agusta za ta sa ta fumfuna ko ta liƙe. A toshe bayan firam da tef mai faɗi saboda ƙura da kyankyaso. Kada a manna zanen da salatif, yana barin tabo rawaya, kuma kada a kai shi a liƙe masa roba da injin zafi, ba ya ɓaruwa kuma. A bangon ƙasa gara ce abokiyar gaba: a sa marafan kwalba a kusurwoyin baya don a bar tazarar yatsa, a riƙa saukewa ana dubawa da damina. A nisanta shi da hayaƙin murhu da bangon da rana ke duka ta ƙofa. Ranar ɗaukowa a kan babur, a naɗe shi da bargo, na baya ya riƙe shi a tsaye ta gefe. Gilashin da aka kwantar a kan cinya ba ya kai wa gida a hanyar burji.