Mai gyaran famfon da ya hana mu taɓa besin kwana biyu

Besin ɗinmu na banɗaki irin na yayin nan ne, mai siffar akushi, wanda ake ɗorawa a saman kabad. A kasuwar Building Materials da ke hanyar Bukuru a Jos na sayo shi. Yaron da ya fara ɗora mana shi farin siminti ya kwaɓa ya zagaye gindin da shi, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Ashe siminti ba ya kama katako. Ba a yi wata biyu ba ya tsattsage, besin ya riƙa rawa, musamman in autana ya ɗaga ƙafa zai wanke a ciki wai alwala yake. Ruwa ya yi ta bi ta ƙarƙashi har saman kabad ɗin, da yake katakon MDF ne, ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Maƙwabciyata a nan Rikkos ce ta haɗa ni da wani dattijo mai gyaran famfo. Bari in fara da laifinsa: ƙarfe tara ya ce zai zo, sai bayan azahar na gan shi, waya kuma ba ya ɗagawa. Kuɗinsa ya ninka na yaron farko, kuma ko kwabo bai rage ba.

Amma da ya tsuguna aiki sai bakina ya mutu. Ya ce, "Hajiya, wannan saman ya gama yawo, a sa kafinta ya yanko na marin bod," wato katakon da ke jure ruwa. Da aka kawo, shi ya huda ramin magudanar da kansa, ya shafe bakin hudar da silikon don kada ruwa ya samu hanyar shiga cikin katakon. Kabad ɗin ma ashe tsaye kawai yake, ba abin da ya riƙe shi. Ya huda tayil, ya sa fisha, robar nan da ake cusawa a huda don ta riƙe sukuru, ya ɗaure shi da bango, yana ta ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa har sai da ya daidaita.

Sai besin. Ya goge gindinsa da saman kabad da sifirit har suka bushe ƙayau, ya ajiye shi ya zana zagayensa da fensir, ya ɗaga, ya matsa silikon layi ɗaya ba yankewa daga cikin zanen, sannan ya dasa besin ya danna. Notin magudanar da hannu ya ɗaure, ya ɗan ƙara da sifana. Na ce, "Baba, ai bai ɗauru ba." Ya ce in ya matse fiye da haka tangaran zai tsage, woshar roba ce ke tare ruwa, ba ƙarfin hannu ba. Ya kuma nuna min gorar da ke ƙarƙashi, wadda ruwan da ke kwana a cikinta yake hana warin kwata dawowa. Da can bututu ne miƙe, ni kuwa ina ta ɗora wa yara laifin wari.

Inda muka yi 'yar taƙaddama shi ne da ya ce kada a kunna famfon sai bayan kwana biyu. A jikin kwalin silikon awa 24 aka rubuta. Ya ce da danshin iska silikon ke ƙanƙara, yanzu kuwa hunturu ne, ga sanyin Jos, ga iska a bushe, don haka sai an ƙara masa lokaci. Muka koma buta. Har salatif ya naɗa wa kan famfon saboda yara.

Watanni ke nan, damina ta zo ta wuce, cikin kabad a bushe yake, besin ko motsi. Ƙurar tayil da guntayen katako dai nan ya bar min, ni na share. Na riga na ba ƙanwata da ke Anguwan Rogo lambarsa, na kuma gaya mata in ya ce tara, ta ɗora abincin rana tukuna.