PICC, Hickman ko Port-a-Cath: wanne ya dace da mai doguwar jinya?

Kanular bayan hannu ta 'yan kwanaki ce. Mai sankara da ake yi wa ƙarin magani duk sati uku, ko mai sikila da jijiyoyinsa suka ƙafe, sai da bututun da bakinsa ke kaiwa babbar jijiyar da ke shiga zuciya. PICC, Hickman da Port-a-Cath duk irin wannan bututun ne.

PICC ya fi sauƙin sakawa. Ta jijiyar damtse ake zura shi, ba sai an shiga ɗakin tiyata ba, kuma yakan yi makonni zuwa watanni. Amma hidimarsa da yawa: canjin filasta duk kwana 7, da wanke cikinsa da ruwan gishirin asibiti mililita 10. Kada a yi amfani da sirinjin da bai kai mililita 10 ba, ƙarfin turinsa na iya fasa bututun. Ba ya son ruwa, don haka wanka sai an naɗe damtsen da leda, ga gumin bazara na ɗaga filasta tun kwanakinta ba su cika ba. Hannu ya kumbura? A zargi gudan jini. Mai ciwon ƙoda kuwa a nisanta shi da PICC, domin yana ɓata jijiyoyin da za a nema nan gaba don wankin ƙoda.

Hickman ta ƙirji yake leƙowa, da baki ɗaya, biyu ko uku. Na masu dashen ɓargo ne da masu karɓar magunguna da yawa kullum.

Ga mai karɓar magani jefi-jefi har fiye da wata shida, mun fi yarda da Port-a-Cath. Ana binne shi ƙarƙashin fatar ƙirji da 'yar ƙaramar tiyata, babu abin da ke waje, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba su cika kama shi ba. Da zarar ɗinki ya warke, wanka ba matsala, kuma yana kai shekaru. Idan ba a amfani da shi, ana wanke shi duk sati 4 zuwa 8. Sai dai da tsada, kuma wata allura ta musamman mai suna Huber kaɗai ake soka masa. Allurar yau da kullum tana gutsure robar murfin har ya fara yoyo. Kafin a biya kuɗi, a tambaya ko asibitin da ke kusa yana da wannan allura da nas ɗin da ta iya soka ta.

Kowanne aka saka, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko makyarkyata jim kaɗan bayan wanke bututun, na nufin a tafi asibiti a ranar.