Sintetik ko 15W-40 da muka saba: amsa ga mai Howo

Alhaji, waccan shawarar da aka ba ka ta komawa baƙin mai sintetik don ka riƙa yin kilomita 40,000 kafin juye, ka ajiye ta gefe. Babbar motarka Howo mai ɗaukar siminti daga Kalambaina, baƙin mai na gama-gari mai lambar kauri 15W-40 ya dace da ita, mai kyau, a juye shi a kan lokaci.

Ina da tsohuwar DAF 'yar Beljiyam, shekara tara ke nan tana hannuna. Albasa take kaiwa kudu ta Jega, Yawuri, Kwantagora, ta dawo da duk kayan da Allah Ya hore. Tun ranar da na saye ta ba ta taɓa shan wani abu ba sai 15W-40, kuma kowace kilomita 10,000 sai an juye, a sauya filtar mai tare. In hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, ba na ma bari ta kai hakan. Bara bakanikena ya buɗe murfin saman injin zai yi saitin bawul, ya kira ni ya ce in zo in gani da idona. Ƙarfen fes, launin zuma, ya goga yatsa bai kwaso dauɗa ba. Har yau da asuba bugu ɗaya take tashi, direbanta kuwa ya ce ko sabuwa aka ba shi ba zai rabu da ita ba.

Sintetik kuwa, ba zan ce ba shi da kyau ba. Ya fi jure zafi, ba ya saurin tsinkewa, kuma a ranakun Afrilu da Sakkwato ke wuce digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma na taɓa sayensa na zuba wa motata ta biyu, kuɗinsa ya kusa ninka na wancan, mai shagon ya rantse mini ba sai na waiwayi juye da wuri ba. Mun kai wajen kilomita 25,000 direba ya kira ni daga Kwantagora, wai allurar baƙin mai tana sauka. Da aka zaro sandar awo, man ya yi kauri, baƙi ƙirin kamar kwalta, in ka murza shi tsakanin yatsu kana jin ɓurɓushin yashi. Ashe robar da ke tsakanin filtar iska da tobo ce ta tsage, injin yana ta shaƙar ƙura. Da a 10,000 muka juye, da an gano da wuri. Tobo ya tafi, ringi da metal suka bi shi.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, a wajenmu ba tsufa ke kashe baƙin mai ba, dauɗar da ke shiga cikinsa ce. Ƙura ɗaya ke nan. Na biyu baƙin hayaƙin gas da ke zurarewa ta gefen ringi ya taru cikin man, kuma motar da aka lafta wa lodi fiye da ƙima ta fi yin sa. Na uku sinadarin salfa da ke cikin gas, wanda in ya ƙone ya gamu da danshi yake komawa asid. Kowane baƙin man dizal yana da maganin kashe asid a cikinsa, awon ƙarfinsa ake kira TBN, kuma ƙarewa yake yi, sintetik ne ko ba sintetik ba. Waɗancan dogayen kilomitoci da kake gani a littattafan motocin Turai an gina su ne kan gas mai tsabta: a Tarayyar Turai salfa ba ya wuce 10 cikin miliyan tun 2009, a Amurka kuma sun koma 15 tun 2006. Kai kuwa direbanka in ya matsu a hanya wajen 'yan bumburutu zai sha, wani lokacin ma an gauraya da kananzir. Ga zaman layi a bakin kamfani ko kan iyakar Illela, inji na aiki awa da awanni, mita ba ta motsa ba, man kuwa yana ci.

Duba bayan jarka kafin ka biya. A lambar ingancin mai ta Amurka, wato API, harafin C shi ne na dizal, S na fetur. Nemi API CI-4 ko lambar Turai ACEA E7, sun ishi injinka. CK-4 da ya fito a 2016 shi ma zai yi, amma FA-4 kada ka kusance shi, siriri ne da aka yi wa sababbin injina kawai. Wanda ya sayi sabuwar mota dal, littafinta ya ce sai mai irin MAN M 3277 ko Mercedes 228.5, wannan ya bi littafi. Shi ma in zai tsawaita juye, sai in yana ɗibar man yana aikawa ɗakin gwaji ana duba masa ƙarfe, ƙura da asid ɗin da ke ciki.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba: jabu ya yi yawa, kuma sintetik ɗin aka fi yi wa, don nan ribar take. Akwai marasa tsoron Allah da ke sayen jarkokin da aka zubar a gareji, su tace tsohon mai su cika, su liƙe baki. Kada ka sayi na durom buɗaɗɗe da ake aunawa, kada ka yarda da farashin da ya yi araha fiye da na dila. Ka saya wajen dilan kamfani ka karɓi rasit, ka duba hatimin murfi da lambar da aka buga jikin jarka. Ranar juye ka tsaya da kanka ko ka sa wanda ka amince da shi, a buɗe a gabansa, in an gama a huda jarkar da wuƙa.

Kuɗin da za ka ƙara kan sintetik ka sayi filtar iska ta asali da shi, ka sa yaron mota ya riƙa duba robobin iska da kilif ɗinsu duk dawowa daga tafiya, ka kuma ajiye littafi a mota ana rubuta mita da ranar kowane juye.