Tsakuwar baraguzai a fandisho: na gwada, ga yadda ta kasance

Mutane da yawa sun dame ni da tambaya kan tsakuwar da na zuba a fandishon gidan da nake ginawa a bayan gari, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Eh gaskiya ne, ba tsakuwar dutse zalla bace, wani kaso daga ciki tsohon kankare ne da aka rushe aka farfasa. Tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira dubu 10 kowa ke neman inda zai rage kashe kuɗi, ni kuma sai na samu wani bawan Allah mai injin fasa dutse da yake sayen baraguzan gine-ginen da aka rushe yana niƙawa yana sayarwa a tifa, kuma kuɗinta bai kai na tsakuwar dutse ba ko kusa.

Abu na farko, kayan basu zo da tsafta ba. Ya ce min kankare zalla ne, amma da tifa ta juye sai ga guntayen jan bulo, fasassun tayil, ƙusoshi, leda, har da farin POP na silin. Wannan POP ɗin shine babban abin tsoro, injiniyan da ke duba min aikin ya ɗauki ɗan guntu ya murje shi a yatsa ya koma gari fari fat, yace Alhaji wannan in ya shiga kankare kuma danshin ƙasa ya same shi kumbura yake sa shi ya tsattsage daga ciki, ba yau ba ba gobe ba, sai bayan ka tare. Dole muka sa leburori suka zauna da rariya suna tsincewa kamar masu tsintar shinkafa, sannan aka wanke ƙurar, kuma duk wannan kuɗi ne da mai kayan bai taɓa ambata ba.

Sai maganar ruwa, nan ne birkila na ya kusa ajiye aiki. Ita wannan tsakuwar akwai tsohon siminti manne a jikinta, shi kuwa shan ruwa gare shi, kana kwaɓawa kafin baro ya isa bakin rami kwaɓin ya yi tauri shebur baya shiga. Yaran aiki kuma kun san halinsu, da sun ga haka sai su ƙara bokitin ruwa, kuma yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Maganin da ya yi mana aiki shine jiƙa tulin tsakuwar tun dare, da safe ta tsane sannan a kwaɓa. Daga nan kwaɓi ya dawo daidai.

Inda na ji daɗinta sosai shine ciko da kuma siririn kankaren da ake fara zubawa a ƙasan rami kafin a ɗora rodi, kwaɓin 1:3:6 (awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa), da jaman fulo wato kankaren daɓen ƙasan gini, da gindin katanga. A ciko ma ni a ganina ta fi marmara, tana danƙaruwa da kyau saboda kaifin gefenta, damina ta wuce ban ga inda ƙasa ta lotsa ba.

Amma a gindin filoli injiniya ya ƙi yarda a wuce kashi 20 cikin 100, sauran duk tsakuwar dutse ce a kwaɓin 1:2:4, kuma kusan haka ƙa'idar Ingila ta yarda da shi a irin wannan kankaren. Linta da dekin kuwa ko ƙwaya bamu saka ba. Mun zuba samfuri a ɗan akwatin ƙarfe aka kai gwaji bayan kwana 28, ya ci jarabawa amma ya ɗan gaza na dutse zalla, wanda dama an san haka take. Turawa sun daɗe suna yi, Jamus ma da baraguzai ta sake gina garuruwanta da dama bayan yaƙin duniya na biyu, sai dai su can ana tantance kayan tun wurin rushewa, mu nan kuwa abin da katafila ta kwaso shi za'a loda maka.

To ta rage min kuɗi? Ta rage, amma ba yadda aka zuga ni ba. In ka cire kuɗin tsinta da tankar ruwa da gwaji, ribar a ciko da jaman fulo kawai na ganta, a filoli kusan babu bambanci. Wanda zai saya ya je da ƙafarsa ya ga tulin kafin a loda, ya tambayi wane gini aka rushe, in ginin laka ne ko wanda gobara ta ci ya bar musu kayansu. Mai ginin bene kuma kada ya taɓa ta sai da injiniya a tsaye a wurin.