Rigar PEG ko maƙalin neman ciwon daji: wanne ya fi wa ƙwayar zinariya?

Ƙwayar zinariya mai girman nanomita 20 zuwa 150 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) idan ta shiga jini tsirara, furotin ke fara lulluɓe ta, hanta da saifa su tsince ta tun kafin ta kai ƙarin ciwon dajin da ake son ta yaƙa. Shi ya sa ake yi mata riga.

Rigar PEG, wato sinadarin polyethylene glycol mai kama da dogon zare, ɓad-da-kama ce. Ana ɗaure ta da sinadarin sulfa, wanda ke kama zinariya gam, sai ƙwayar ta daɗe tana yawo har ta zurara ta jijiyoyin ƙari masu yoyo. Irinta aka gwada a Amurka kan dajin firostet (wata gaɓa ce a ƙarƙashin mafitsarar maza), sakamakon ya fito a 2019: a zuba ƙwayoyin a jini, a haska musu leza, wato wani haske mai ƙarfi, su yi zafi su ƙona ƙarin. Matsalarta, wasu mutane jikinsu ya riga ya san PEG, yana yaƙarta.

Maƙalin kuwa, wato abin da ake liƙa wa ƙwayar don ta gane ƙari ta manne masa, folik asid ne (wani nau'in bitamin) ko furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane HER2, wani furotin da kan yi yawa a wasu nau'o'in dajin mama. A kwanon gwaji abin sai wanda ya gani. A jiki fa, furotin ɗin jini kan binne maƙalin, ga tsada.

Ni PEG zan fara ɗauka, a ɗora maƙalin a bakinta.