SketchUp, Revit, ArchiCAD ko Rhino: da wacce sabon ɗalibin zanen gini zai fara?

Sabon ɗalibin zanen gine-gine yakan tambayi wace manhaja ce ta fi, amsar kuwa ta danganta da wanda ya tara da tambayar. Ɗan ajin ƙarshe zai ce Revit, don ita ake nema a wurin aiki. Malamin da ya daɗe a harkar zai ce AutoCAD. Mai son gini mai lanƙwashe-lanƙwashe zai rantse da Rhino. Duk ba wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa yana magana ne daga inda yake tsaye. Manhajojin nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma kowacce tana da irin tunanin da take saba wa mai amfani da ita. A nan ya kamata zaɓi ya fara.

AutoCAD ce babbar yaya. Kamfanin Autodesk ya fito da ita a 1982, kuma har yau aikinta na asali shi ne zane a shimfiɗe: layi, baka, ma'auni da rubutu. In ka ja layi biyu a jere, kai ne ka san bango ne, ita kuwa layi biyu kawai take gani. Shi ya sa idan ka matsar da taga a filan, wato zanen shimfiɗar gini kamar ana kallonsa daga sama, dole ka bi zanen fuskar gini da na yankansa ka gyara da hannunka, wanda ka manta kuwa ya zauna da kuskurensa. Ba zan ce ka fara da ita ba, amma fayil ɗinta na DWG shi ne abin da injiniyoyi da masu awon fili suka fi miƙa wa juna, don haka ka koyi abin da zai ishe ka buɗe shi, ka auna, ka gyara, ka fitar a takarda da sikelin da ya dace.

SketchUp ita ce mai sauƙin shiga. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, @Last Software, ya fito da ita a 2000, Google ta saye ta a 2006, sannan ta koma hannun Trimble a 2012. Ka zana murabba'i a ƙasa, ka ɗauki Push/Pull ka ja shi sama, ga ɗaki ya tashi. A zama ɗaya mutum zai ga gininsa ta kowace kusurwa, ya sa kwanan wata da sa'a ya ga inda inuwa za ta faɗi. Akwai ta kyauta da ke aiki a cikin burauza, ba sai an sauke komai ba, ko da yake ba ta karɓar ƙarin kayan aikin da ake ɗora wa ta biya.

Tana da hali guda da ke kama kowane sabon hannu: duk abin da ya taɓa ɗan'uwansa sai su manne. Ka gina bango, ka ɗora matakala a jikinsa, daga baya ka zo matsar da matakalar, sai ka ga bangon ya biyo ta yana karkacewa, kusurwar ɗakin ta baje. Maganin shi ne da zarar ka gama abu ka mai da shi Group, in kuwa abu ne da zai maimaitu, kamar taga ko ginshiƙi, ka mai da shi Component, yadda gyaran ɗaya zai shafi sauran. Wanda ya saba da wannan tun makon farko ya huta. Sai kuma rumbunta na 3D Warehouse, inda ake ɗauko kujeru da motoci da itatuwa a shirye. A yi hattara da shi, don wata kujerar guda ta fi ginin duka nauyi, kwamfutar ta dinga jan ƙafa ba ka san dalili ba.

Revit da ArchiCAD gida ɗaya suke, wato tsarin da ake kira BIM, inda ake gina ginin kansa a cikin kwamfuta, kowane sashe da bayanansa. A nan bango ya san shi bango ne. Yana da kauri, yana da kayan da aka yi shi da su daki-daki daga ciki zuwa waje, ya san hawan da ya tashi daga kai da wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa. Ƙofa ba ta zama sai a jikin bango, kuma ita ke huda wa kanta gurbi. Ka ƙara mata faɗi a filan, nan take ta canza a fuskar gini, a yankan gini, har da jadawalin ƙofofi, don duk hotunan daga gini ɗaya ake ɗaukarsu. Wannan ne ya sa ofisoshi ke son su: gyara ɗaya ya wadatar, lissafin kaya kuma yana fitowa daga ginin kansa.

ArchiCAD ce ta riga. Kamfanin Graphisoft na birnin Budafes a Hangari ne ya yi ta, tun shekarun 1980 kuma take kan wannan tunani na gina gini sukutum a cikin kwamfuta. Tana aiki a Windows da Mac. Revit ta fito a 2000, Autodesk ta saye ta a 2002, kuma Windows kaɗai ta sani. Mai MacBook ya san da wannan tun kafin ya sa rai. Ƙarfin Revit shi ne tana ɗauke da ɓangaren injiniyan ƙarfe da kankare, da na lantarki da famfo da na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa manyan ayyukan da hannu da yawa ke ciki suka fi karkata gare ta. ArchiCAD kuwa, a ganina, ta fi daɗin hannu ga mai zane, ba ta cika tsare ka da tambayoyi ba. Tsakanin su biyun ba sai an yi dogon nazari ba: ka duba kwamfutar da kake da ita, ka kuma tambayi wacce sashenku ke koyarwa da wacce ofisoshin da kake fatan yin horo a cikinsu ke amfani da ita. Dukkansu suna ba ɗalibi lasisi kyauta idan ya nuna shaidar ɗalibta, sai dai na koyo ne, ba na aikin kuɗi ba.

To me zai hana a fara da Revit kai tsaye tunda can za a ƙare? Abin da ke hana ni ba da wannan shawara shi ne tana neman amsar da ɗan aji ɗaya bai kai ga tambayarta ba. Kana cikin tunanin ko ɗakin karatu ya fuskanci gabas, ita tana son sanin kaurin bango da irin rufi. Abin da yakan biyo baya shi ne ɗalibi ya zaɓi abin da manhajar ta fi sauƙaƙa masa, sai ka ga zanen aji guda duk akwatuna ne masu taga iri ɗaya, wadda ta zo a cikin manhajar. Wani abin lura kuma, fayil ɗin da aka adana da sabuwar Revit ba ya buɗuwa a tsohuwa, kuma babu hanyar mai da shi baya. In aikin rukuni za ku yi, ku daidaita a kan ta shekara ɗaya tun kafin kowa ya taɓa komai.

Rhino ta kamfanin McNeel ce da ke Siyatil, ta fito a 1998. Tana gina lanƙwasa da lissafi, ba da gutsattsarin miƙaƙƙun layuka ba, don haka baka a cikinta baka ce ta gaske komai kusantowarka. Rufi mai kumburi, bango mai murɗiya, duk wurin wasanta ne. A cikinta akwai Grasshopper, inda ake jona akwatunan umarni da wayoyi, ka juya lamba ɗaya ramuka ɗari na jikin bango su canza girma tare. Lasisin ɗalibi na Rhino saye ake yi, amma sau ɗaya ne, ya zama naka ko bayan ka gama makaranta, kuma ana ba da gwajin kwana 90. Idan makarantarku ta fi ba da ƙarfi ga gwaje-gwajen siffa, ita za ka ɗauka a madadin SketchUp, tare da sanin cewa makonnin farko sun fi wuya.

Akwai kuma Blender da FreeCAD, kyauta har abada. Blender gwana ce wajen fitar da hoto mai kama da gaske, amma ba don zanen da magini zai riƙe a hannu aka yi ta ba.

Shawarata ita ce SketchUp ko Rhino a shekarar farko, tare da fensir da takarda, sai Revit ko ArchiCAD idan aka fara darasin yadda ake harhaɗa gini. Taura biyu ba ta taunuwa, kada ka saukar da huɗu a mako guda. In kana shakka tsakanin biyu, ka ɗauki awo ka auna wani ƙaramin ɗaki na gaske, ka gina shi a kowacce, da ƙofarsa da tagarsa, ka fitar da filan da yanka a sikelin 1:50. Wadda ta kai ka ƙarshe ba tare da ka bar aikin ba, ita ce taka a yanzu.

Game da kwamfuta, RAM mai gigabait 16 shi ne madaidaici ga Revit da ArchiCAD, SketchUp ta burauza kuwa tana haƙuri da ƙasa da haka. Ka sayi maus mai taya a tsakiya, don da tayar ake juya gini da matso da shi a kusan dukkansu. Kuma duk lokacin da za ka shigo da DWG cikin wata manhaja, ka duba ma'auninsa tukuna. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, zanen da aka yi da milimita aka karanta shi da inci zai ba ka ƙofa mai faɗin fiye da mita 20.